Yaron da muke kira daƙiƙi gwani ne a gidan gem

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da iyaye da kuma 'yan uwana malaman firamare a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk inda ka zauna a kwanakin nan, majalisa ce ko wurin ɗaurin aure ko taron iyayen yara a makaranta, kukan ɗaya ne: waya ta lalata yara, gem ya ɗauke musu hankali, ba sa karatu. Ban musa ba, ni ma uba ne. Sai dai akwai tambayar da ban ji ana yi ba. Yaron nan da muka yanke wa hukunci cewa kansa ba ya ja, yaya aka yi ya zama gwani a gem, alhali babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa, babu kuma wanda ya taɓa ɗaga masa bulala a kai? Kan da ya kasa haɗa baƙi da wasali da safe, shi ne dai kan da yake lallasa samari da la'asar. Ba a canza masa wani a hanya ba.

Ni malamin aji huɗu ne a wata makarantar gwamnati, na kuma daɗe ina riƙe da alli. A ajina akwai wani yaro ɗan shekara 11, ba zan faɗi sunansa ba. In ka miƙa masa littafin Hausa ka ce ya karanta, sai ya ɗora yatsa a ƙarƙashin kalmar farko ya tsaya cak. Zai ce "ma", ya sake cewa "ma", ya ɗago ya kalli fuskata ko zai tsinci sauran a can. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi, na bayansa su fara ƙunshe dariya. Kafin ya kai ƙarshen "makaranta" wani ya riga ya jefo masa ita daga baya. Mahaifinsa da kansa ya zo ya same ni ya ce, Malam, wannan kam ƙwaƙwalwar kifi gare shi, a lallaɓa ya gama firamare in kai shi gareji.

A hanyata ta komawa gida akwai wani shago da yara ke biyan kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation. Mai shagon tsohon ɗalibina ne, nakan tsaya mu gaisa. Nan na tarar da yaron zaune a kan benci, ya naɗe ƙafa ɗaya, yana karawa da wani saurayi mai gemu. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne bai kalli hannunsa ko sau ɗaya ba. Idonsa na kan talabijin, manyan yatsunsa biyu suna ta aiki a kan maɓallai su kaɗai, har yana juyawa ya amsa wa abokinsa magana ƙwallo ba ta kuɓuce masa ba. Kafin a take wasa na ga ya shiga wurin shirya 'yan wasa, ya cire wannan ya sa wancan, ya mayar da mai bugun hagu ɓangaren dama. Rubutun wurin duk da Turanci yake, Turancin da ba ya iya karantawa, amma ya haddace inda kowane abu yake. Ya san ɗan wasan da ke da gudu, ya san mai saurin gajiya, ya san lokacin da mai tsaron gida zai fito ya ɗaga masa ƙwallo ta sama. Mai shagon ya ce mini kusan kullum yana nan tun yana ɗan aji ɗaya. In ba shi da kuɗi sai ya tsaya a bayan masu bugawa yana kallo, in wani ya tashi ya bar saura ya karɓa ya ƙarasa.

Sai na zauna na yi lissafi irin namu na malamai. Darasi ɗaya minti 35 ne. Yaran ajina sun kai 90, wani lokacin su haura. Da a ce zan shigo ban gaishe su ba, ban rubuta komai a allo ba, ban raba faɗa ba, na ce kowa ya karanta bi da bi, sakan 23 kowane yaro zai samu. A zahiri ko hakan ba ya samuwa. Abin da ake yi shi ne malam ya karanta, aji ya amsa baki ɗaya, masu iyawa biyar ko shida na gaba su ja sauran. Yaron da ke layin baya yana iya yin mako biyu bakinsa na motsi tare da jama'a, idonsa bai bi harafi ko ɗaya ba. Littafi guda yara huɗu ke leƙawa, in an tashi a kulle shi a kabad. A gida kuma babu ko takardar da aka rubuta Hausa a jiki. In ka tara duk lokacin da yaron nan ya yi yana kokawa da rubutu shi da kansa, tun daga aji ɗaya zuwa yau, ba na jin zai kai abin da yake yi a gidan gem cikin wata guda. Ya samu awanni ɗaruruwa a can, ya samu 'yan mintoci a nan, mu kuma muka dawo muna zagin kansa.

Kuma maganar ta wuce yawan lokaci. Waɗanda suka ƙera wasannin nan sun san yadda mutum yake koyo fiye da yadda muke zato. Yaro ya buga ba daidai ba, nan take zai ga ƙwallo ta yi waje, ba sai ya jira ƙarshen zango an ba shi sakamako ba. An ci shi, ya danna ya sake. Wasan ba ya fara masa da abin da ya fi ƙarfinsa. Da sauƙi ake farawa, yana ƙwarewa ana ƙara masa wuya kaɗan-kaɗan, kullum yana daidai bakin iyawarsa. A aji kuwa manhaja ce ke tafiya, ko ka iya ko ba ka iya ba. Yaron da bai gama da baƙaƙe ba a aji ɗaya haka za a tura shi aji biyu, a aji huɗu a ce ya karanta labari ya amsa tambayoyi. Kuskurensa kuma a gaban mutum 90 yake yinsa, a bi shi da tsokana har ƙofar gida. Wa zai so ya maimaita abin da duk lokacin da ya gwada sai ya sha kunya?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wannan ilimin namu ne tun fil'azal. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, alaramma ne, a gabansa na yi karatun allo kafin a sa ni boko. Bara da yawon yara a titi wata matsala ce daban da ya kamata a kawo ƙarshenta. Ni tsarin koyarwar nake so a duba. Kowane yaro da allonsa, kowa kuma da inda ya tsaya. Wani yana babbaƙu, wani ya shiga farfaru, wani ya fara rubuta wa kansa. Malam zai biya maka, ka koma gefe ka yi ta maimaitawa da ƙarfi, kai da bakinka. Sai ka dawo ka kawo, ya saurara. In ka ja inda ba a ja ba, ko ka cinye shadda, nan take zai tsayar da kai. Ba ka wanke allo sai karatun ya zauna daram. In ya ɗauke ka kwana uku, kwana ukun za ka yi, babu ruwan malam da cewa sa'anka ya wuce ka da sura biyu. Da asuba a yi, da yamma a yi, da dare a hura wuta a zagaye ta a yi, sai Alhamis da Juma'a a huta.

Mai neman hadda kuwa nasa ya fi haka nauyi. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, sumuni 480 ke nan. Zai rubuta abin da ƙarfinsa zai ɗauka, ya haddace, ya kawo, amma ba zai bar na baya su yi sanyi ba, kullum sai ya yi tilawa. Ina yaro na sha farkawa cikin dare in ji muryar gardawa a bayan gidanmu suna zuba tilawa, suna kai da kawowa don kada barci ya sace su. In ɗayansu ya zo wurin ayoyin da suka yi kama da juna ya zame ya faɗa wata sura, ba ya wucewa ya ce gobe na gyara. Nan zai tsaya. Ya koma baya da aya biyu ya sake tahowa, ya sake komawa, har sai harshensa ya daina karkata a wurin. Bayan shekaru sai ya zauna ya rubuta Alƙur'ani gaba ɗaya da ka, wato satu, alarammomi su bi rubutun harafi-harafi. Daga kolo zuwa titibiri, zuwa gardi, zuwa alaramma, har a kai gwani, babu matakin da ake tsallakewa da wayo ko da kuɗi. Yau in muka ga ƙaramar yarinya ta zauna a musabaƙar da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa tun 1986 tana karatu babu gargada, sai mu ce baiwa ce. Baiwa ce, babu shakka. Amma a tambayi mahaifiyarta ƙarfe nawa take tashinta.

Masu bincike a ƙasashen waje sun auna wannan abu da alƙaluma. A 1993 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Anders Ericsson, da abokan aikinsa biyu sun bi diddigin ɗalibai masu koyon gogen Turawa a wata babbar makarantar kiɗa a birnin Balin na Jamus. Aka kasa su gida uku: waɗanda suka fi kowa, da masu bi musu, da na ukun. Da aka lissafa lokacin da kowa ya yi yana gwaji shi kaɗai tun yana yaro, sai aka ga kafin su cika shekara 18 na farko sun tara sama da awa 7,000, na biyu kimanin 5,300, na uku wajen 3,400. Zuwa shekara 20 na farkon sun kai wajen awa 10,000, wato kamar a ce awa uku kullum har shekara tara da ɗoriya. Daga nan ne maganar awa dubu goma ta bazu a duniya, har wasu suka ɗauke ta doka: cika awannin ka zama gwani. Shi Ericsson bai yarda da wannan fahimtar ba har ya mutu a 2020. Lokacin da ya ƙirga shi ne wanda ɗalibi ya yi a kan wurin da ke ba shi wahala, da niyyar gyara shi, bisa jagorancin malami mai nuna masa inda ya kauce. Zaman kaɗa abin da ka riga ka iya don nishaɗi ba ya cikin lissafin. Gardin nan da ke juya ayoyi masu kama da juna da tsakar dare, da an gaya masa sakamakon binciken ba zai ji wani sabon abu ba.

Wannan bambancin ina ganinsa a dandalin darar unguwarmu, don ni ma ina taɓawa bayan la'asar. Gurbi 30 ne a tone a ƙasa, layi biyar gida shida-shida, wannan ya riƙe kara 12 wancan tsakuwa 12, kowa na neman ya jera uku ya ci na abokin karawarsa. Akwai dattawan da suka fi shekara talatin suna zama a wurin, amma wasansu na bana shi ne na bara. Inda suka saba dasa 'ya'yansu nan suke dasawa, tarkon da ya kama su jiya shi zai kama su gobe. Hira ce ke kawo su, kuma ba laifi ba ne. Akwai kuma wani tela da bai kai su shekaru ba, wanda in aka cinye shi ba ya tashi. Sai ya mayar da 'ya'yan inda suke kafin ya yi kuskuren, ya zuba musu ido, ya matsar da wannan ya mayar, ya kira wanda ya ci shi ya ce, da na bi ta nan fa, me za ka yi? Yanzu a unguwar babu mai iya zama a gabansa. In awa za a ƙirga, dattawan sun ninka shi ba sau ɗaya ba.

Kada a ɗauka ina cewa babu baiwa. Allah ya fifita wasu a kan wasu wajen saurin fahimta, duk malamin da ya ce bai ga haka a aji ba bai faɗi gaskiya ba. A wani bincike da aka buga a 2007 a kan masu darar Turawa, wadda ake kira ces, a ƙasar Ajantina, an samu wanda ya kai matsayin gwani da awa 3,000 da 'yan kai, an samu wanda sai da ya haura 23,000, an kuma samu waɗanda suka zuba lokaci mai yawa ba su kai ba. Tazarar tana da faɗi ƙwarai. Amma ko mai saurin cikinsu sai da ya zauna awa 3,000. Mu kuma ba gwanin duniya muke nema a aji huɗu ba, shafi ɗaya na Hausa muke so yaro ya karanta ya gane. Hausar boko tana da sauƙin kamawa, kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa, wasali biyar ne, ba irin Turanci ba da harafi ɗaya zai yi maka sauti uku. Kusan kowane yaro mai lafiya zai iya, wani da wuri wani a makare. Ba mu da hurumin cewa Allah bai ba yaro kai ba alhali ba mu ba shi lokacin da za a gane hakan ba. A Legas, Tunde Onakoya, wanda ya koyi ces a shagon aski a Ikorodu, tun 2018 yake tara yaran unguwannin talakawa, har da na Makoko da masu kwana a ƙarƙashin gadar Oshodi, yana zaunar da su a gaban dara. Yaran da jama'a suka riga suka cire rai da su, da suka samu mai zama da su kullum, sai ga su suna shiga gasa.

A kan karatu shi kansa akwai alƙaluman da nake so kowane uba ya ji. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1988, an sa yaran aji biyar su riƙa rubuta abin da suke yi bayan an tashi daga makaranta. Yaron da ya fi kashi 90 cikin 100 na sa'o'insa yawan karatu, minti 21 kawai yake yi da littafi a rana, amma hakan na sa idonsa ya bi ta kan kalma wajen miliyan 1.8 a shekara. Na tsakiya bai cika minti biyar ba, kalma 282,000. Wanda kashi 90 suka fi shi kuwa, kalma 8,000 a shekara guda cur. Dukansu kuma 'yan aji biyar ne. A can ke nan, inda littafi ba ya wuya. A nan nahiyarmu, rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ce a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Babu mai hankalin da zai ce yara tara cikin goma daƙiƙai ne.

Mu ma muna da shaidarmu a gida. A tuna shekarun 1990, lokacin da littattafan Hausa na kasuwar Kano suka cika gari, ana ba da hayarsu a shaguna, 'yan mata suna ɓoye su a ƙarƙashin filo. An sha cacar baki a kan abin da ke cikinsu, ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da na gani da idona shi ne yayyena mata, waɗanda karatunsu ya tsaya a firamare, a kan waɗannan littattafan suka zama masu karatu kamar ruwa, har su ake kira su karanta wa maƙwabta wasiƙa. Babu malamin da ya sa su. Labarin ne ya ja su suka zuba masa dare da rana. Yanzu labaran sun koma waya, da yawa ma wani ne ke karantawa ana saurare, ido ba ya aikin komai.

Duk wannan ba wanke gem nake yi ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sa jarabar gem a jerin cututtukan da take lissafawa, kuma ban yi mamaki ba. Na ga yaron da ke ɗauke wa uwarsa kuɗin cefane, na ga masu gyangyaɗi a aji tun ƙarfe tara na safe, na ga inda caca ta shiga ciki. Sannan ƙwarewa inda aka shuka ta nan take tsayawa. Awa dubu a gem gwanin gem take ba ka, ba ta ƙara wa yaro harafi ɗaya a karatu. Abin da nake ƙi shi ne uba ya ƙwace waya, ya zane yaro, ya koma majalisa yana ganin ya gama aikinsa. Awannin da ka ƙwato, ina ka kai su? In ba ka zauna da shi ba, ba ka sa masa wani abu a hannu ba, gobe gidan maƙwabta zai tafi ya ci gaba.

Ni dai na gwada abin da ƙarfina zai iya. Na yayyanka kwali na rubuta gaɓoɓi da babban rubutu, ba be bi bo bu, ka ke ki ko ku, na riƙa tsayar da 'yan layin baya na ɗan lokaci bayan an tashi. Kowa shi kaɗai yake karantawa, ko gare ni ko ga abokinsa, babu amshi. Na hana dariya. Na kuma aro dabarar masu gem: kowa da kansa yake gasa, kati nawa ka karanta jiya cikin minti ɗaya, nawa ka karanta yau. Yaron da na ba da labarinsa shi ya fi kowa zafi a kan wannan, in bai wuce na jiya ba sai ya ce Malam a sake. Yanzu yana karanta gajerun jimloli. Har yanzu yana tuntuɓe a kan "ts" da "ƙy" da dogayen kalmomi, bai kuma kamo na gaban aji ba. Amma ya daina kallon fuskata, takardar yake kallo. Na gaya wa mahaifinsa gareji sana'a ce mai albarka, sai dai ko a can bakaniken da ke iya karanta abin da aka rubuta a jikin kaya ya fi wanda ba ya iyawa.

Iyaye, minti 20 nake roƙo, tsakanin magariba da isha ko bayan an ci tuwo. A shekara ya haura awa 120, ya ninka abin da yaronka ke samu shi kaɗai a aji sau da yawa. Kada ka ce ai ni ban yi boko ba. Hausa ce zai karanta maka, in ya karanta abin da ba ya ma'ana kunnenka zai gaya maka, ka ce masa sake dai. Uwa tana iya saurare tana tankaɗe. Yaya ko yayar da ke sakandare za su iya. Kuma a yi haƙuri da shi irin haƙurin da malamin allo yake yi, kada kuskuren farko ya zama abin zagi. 'Yan uwana malamai, mu rage amshi, mu haɗa yara biyu-biyu su karanta wa juna, mu san wanda bakinsa kawai ke motsi. Shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun samar da littattafan Hausa na ƙananan yara. Gwamnatocin jihohi su buga irinsu da yawa, yadda kowane yaro zai samu nasa ya tafi da shi gida. In ya yage a hannunsa ya yi aikin da aka buga shi dominsa. Masu gidajen gem kuma ku ji tsoron Allah, yaro da kayan makaranta a jikinsa da hantsi ba kwastoma ba ne, ku kore shi.

Kai ma Malam Edita akwai naka. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar adabi ta Arewa da ke Zariya, wato NORLA, ta riƙa buga ƙananan jaridu na larduna, Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato, saboda sun gane wanda ya koyi karatu in bai samu abin karantawa ba zai mance. Ina roƙon ku ware wa yara ko rabin shafi ne a kowane mako. Gajeren labari da babban rubutu, jimloli marasa tsawo, da tatsuniya ko kacici-kacici ko labarin ƙwallo, tunda ita suke so, a riƙa yanke shi a inda zai sa yaro ya matsu mako ya zagayo. Ku sa shi a shafinku na intanet ma, yadda uba zai buɗe a wayarsa ya miƙa wa ɗansa. Don Allah a kula da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, a sa su daidai, domin babba yana iya cankar abin da ake nufi in an bar su, mai koyo kuwa rikicewa yake yi. In kuka fara, ni zan riƙa yanke shafin ina mannawa a kwali don ya jure hannun yara.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Wani malamin aji huɗu,
daga Bichi, Jihar Kano.